Kwamfutar Gwanjo Da Rikicin Lasisi: Abin Da Ya Kamata Fatake Su Sani Kafin Su Ɗaure Kaya

Daga wakilinmu a Maamobi, Akara

Duk wanda ya bi babban titin Nima ranar Laraba, ranar da kasuwa ke ci, ya gangara ta Maamobi har ya ɓulla New Town, zai ƙirga shagunan gyaran kwamfuta da na buga takardu har ya gaji. Wannan yana buga katin biki, wancan yana cike wa ɗalibai fom, ga wani can ya kwance laftof yana hura mata iska. Akasarin na'urorin da ake neman abinci da su a waɗannan shaguna na hannu ne, wato gwanjon Turai da Amurka, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, a baje su a Tip Toe Lane da ke Sakul, daga nan kuma fatake su kwasa su yi Aflao ko Paga ko Sinkase da su, wasu ma sai sun dangana da Gaya da Birnin Ƙonni da Illela.

Sai dai akwai wani abu da mai saye da mai sayarwa ba su cika tsayawa a kansa ba lokacin ciniki. Ana duba batir, ana duba gilashi, ana ƙwanƙwasa madannai, amma ba a tambayar lasisin manhajar da ke ciki. Sai kaya sun tsallaka iyaka, an ci riba an manta, sannan wani ɗan rubutu ya fito a kusurwar gilashi yana cewa wannan Windows ɗin ba a tabbatar da ita ba. Daga nan rigima ta tashi, mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa ya rantse bai san komai ba, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗi.

Yadda abin ya faɗo a kanmu

Mu ma a ɗan gidan rediyonmu na unguwa mun ɗanɗana wannan. Wata rana aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfi, ta ƙona kwamfutar da muke tace shirye-shirye da ita. Mai gyara ya duba ya ce babban allon cikinta, wanda suke kira madabod, ya tafi, gyara ba zai yi ba. Muka haɗa abin da Allah Ya hore muka sayo wata ta hannu, aka cire rumbun ajiyar tsohuwar aka ɗaura wa sabuwar don kada ayyukanmu su salwanta. Na'ura ta tashi lafiya, amma sai ga wannan rubutu a kusurwa.

A tunaninmu abu ne mai sauƙi, tunda tsohuwar tamu da lasisinta na gaske muka same ta, har da sitika a jiki. Muka kwafi lambar muka shigar, ta ƙi karɓa. Mai gyaran ya kwantar mana da hankali, ya ce aikin minti biyar ne, ya zaro filas daga aljihu, ya kashe manhajar da ke gadin na'urar, ya saka abin da zai saka, rubutu ya ɓace, muka biya shi har da godiya. Ba a yi wata biyu ba kwamfutar ta soma nauyi kamar an ɗora mata buhun masara, sannan abokan hulɗarmu suka riƙa kiranmu suna tambaya ko mu ne muka aiko masu da saƙon neman taimakon kuɗi ta imel. Ashe an sace mana kalmar sirri.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne abin da wani matashin unguwa da ya karanci fannin ya gano daga baya. Kwamfutar da muka sayo tana da nata lasisin na halak a binne cikin allonta tun daga masana'anta. Matsalar kawai ita ce lasisin nata na Windows nau'in Pro ne, wanda ke kan rumbunmu kuma nau'in Home ne, shi ya sa suka ƙi jituwa. Da an wanke an ɗora nau'in da ya dace, da kanta za ta tabbatar da kanta ba tare da an biya ko sisi ba. Wato dai mun bar na halak a cikin gida, mun biya kuɗi an kawo mana na sata. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Lasisi iri uku ne

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya gane shi ne, wanda ya sayi manhaja bai saye ta ba kamar yadda ake sayen turmin atamfa. Izinin amfani da ita ya saya bisa wasu sharuɗɗa, kamar wanda ya kama rumfa a kasuwa, yana kasuwanci a ciki amma ba shi da ikon tsaga ta gida goma ya sayar. Tun daga Windows XP da ta fito a 2001 kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tabbatarwa, inda ake haɗa lambar mabuɗi mai haruffa da alƙaluma 25 da bayanan kayan cikin na'urar.

Nau'i na farko shi ne wanda ke zuwa tare da kwamfuta daga masana'anta, irin su HP da Dell da Lenovo, wanda ake yi wa laƙabi da OEM. Wannan an ɗaura masa aure ne da na'urar, da ita zai rayu kuma da ita zai mutu. Idan ka sayar da kwamfutar ya bi ta zuwa hannun sabon mai ita, wannan halak ne. Amma ba a cire shi a kai wa wata kwamfutar, shi ya sa lambar sitikarmu ta ƙi aiki. Daga Windows 8 da ta fito a 2012, manyan masana'antu sun daina rubuta lambar a jikin sitika, sun koma binne ta a cikin allon na'urar. Saboda haka rashin ganin lamba a jikin laftof ba ya nufin ba ta da lasisi.

Nau'i na biyu shi ne wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa, a cikin kwali ko ta shagon kamfanin a intanet. Wannan shi ne ake iya ƙaura da shi daga wata kwamfuta zuwa wata, bisa sharaɗi guda, sai an cire shi daga tsohuwar. Lasisi ɗaya, na'ura ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusunsa na Microsoft tun kafin na'ura ta lalace, zai iya shiga sashen tabbatarwa a sabuwar, ya zaɓi wurin da ke cewa ya sauya kayan na'ura, ya dawo da abinsa.

Nau'i na uku kuwa shi ne na sari, wanda bankuna da jami'o'i da ma'aikatu ke saye don ɗaruruwan kwamfutocinsu. Wannan mallakar ma'aikatar ne, ba ya bin na'ura idan an yi gwanjonta. A wani tsarin nasa, tabbatarwar kwana 180 take yi, kuma dole na'urar ta riƙa tuntuɓar uwar garken ma'aikatar don a sabunta mata. To kwamfutar da ta baro ofis a Jamus ta zo Maamobi, ina za ta ga wannan uwar garke? Wannan shi ne sirrin da ya sa kaya ke tafiya lafiya lau, sai bayan wata biyar ko shida mai saye ya bugo waya daga Maraɗi yana faɗa.

Mabuɗin araha da manhajar fasa ƙwauri

Akwai kuma masu tallar lambar mabuɗi a WhatsApp da Facebook a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Irin waɗannan lambobi sau da yawa daga na sari aka tsakuro su, ko aka sayar da lamba ɗaya ga mutane da dama. Za ta iya aiki yau, gobe kamfani ya toshe ta, kuma wanda ya sayar maka ya sauya lambar waya. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne abin da masu gyara ke kira kirak, wato 'yar manhajar da ke yaudarar Windows ko Office ta ɗauka an biya. Kafin a saka ta sai an kashe mai gadin na'ura, kuma duk wanda ya ce ka kori maigadi kafin ya shigo gidanka, ai ka san da walakin. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Red Canary ya bayyana yadda ɓarayi ke cusa wata ƙwayar cuta mai suna CryptBot a cikin jabun KMSPico, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin kirak, tana kwashe kalmomin sirri da bayanan kuɗi daga na'urar mutum ba tare da ya sani ba.

A shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka cika Nima da Maamobi, abin da mutum zai yi asara bai wuce wasiƙu da hotuna ba. Yanzu kuwa a cikin kwamfuta ɗan kasuwa ke ajiye lissafin bashi da takardun kaya da hanyar shiga asusun banki. Tun daga 2020 ta tsarin ICUMS ake shigar da takardun kwastan a Gana, ke nan mai fiton kaya da na'urarsa ta kamu da cuta, sirrin duk masu kayan da yake yi wa aiki yana cikin haɗari. Duniya ba ta manta da watan Mayun 2017 ba, lokacin da ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun a watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba su ne suka ji jiki, kuma sanannen abu ne cewa masu amfani da kirak kan kashe sabuntawa da gangan don kada asirinsu ya tonu.

Abin da doka ta ce

Wasu na ganin wannan magana ta Turawa ce, ba ta shafe mu ba. A Gana, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta saka manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa, daidai da littafi da waƙa da fim, kuma ta tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko duka biyun ga wanda aka samu da laifi. A Najeriya an sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma akwai hukumar tarayya da ke da ikon kai samame da kwashe kaya. Nijar da Togo da Benin da Burkina Faso kuwa duk suna cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ke nan duk iyakar da ka tsallaka, doka tana gabanka.

Gaskiya ne ba kasafai ake jin an kama mai laftof ɗaya ba. Amma wanda ya ɗora manhajar sata a kan na'ura hamsin ya sayar da sunan ta asali ce, wannan ya shiga wani layi daban, domin bayan haƙƙin kamfani akwai na wanda ya saya. A harshen kasuwa algus ke nan. Ko ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce ta masu ita wadda bai halatta a keta ba. Mu da muka ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da 'yan fim ɗin Kano da mawaƙanmu, ba ma buƙatar dogon bayani a kan illar satar fasaha.

Girman matsalar kuma ba ƙarami ba ne. Rahoton da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin duniya ba su da lasisi, a Najeriya kuma kashi 80 cikin 100. Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Da dala ake yanke farashin waɗannan manhajoji, mu kuma da sidi da naira da sefa muke ciniki. Kamfanin Adobe ma tun 2013 ya daina sayar da sababbin manyan manhajojinsa a biya sau ɗaya, ya koma tsarin haya na wata-wata, abin da ke da nauyi ga mai ɗan shagon zane a New Town. A Turai, kotun Tarayyar ta yanke hukunci ranar 3 ga Yulin 2012, a shari'ar UsedSoft da Oracle, cewa wanda ya sayi lasisi na dindindin yana da ikon sayar da shi gwanjo muddin ya daina amfani da nasa kwafin. Amma wannan hukunci na can ne, ba ya aiki a kotunanmu, don haka kada wani dillali ya fake da shi.

Tarkon da ke gaban fatake

Akwai wani sabon al'amari da ya kamata duk mai sarin kwamfuta ya sa a lissafinsa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, haka ma Office 2016 da 2019, kamar yadda ya yi wa Windows XP a Afrilun 2014 da Windows 7 a Janairun 2020. Na'urar za ta ci gaba da aiki, amma ƙofofin da ɓarayi za su gano nan gaba ba mai toshe su, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci da kamfanin ya buɗe ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 da ta fito a 2021 kuwa ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai ƙwaƙwalwa zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan.

Ma'anar wannan ita ce ofisoshin Turai da Amurka suna da dalilin rabuwa da tsofaffin na'urorinsu, kuma kowa ya san inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Za a gan su da kyau da araha, amma wanda ya cika sito da zubi na 6 da na 7 yana iya wayar gari masu saye sun waye sun daina tambayarsu. Haka kuma tsohuwar dabarar nan ta amfani da lambar Windows 7 ko 8 a tabbatar da Windows 10, kamfanin ya rufe ta tun a 2023. Wanda ya ce zai sayar maka da tsohuwar sitika don wannan aiki, takarda kawai ya sayar maka. Abin da ya ƙi sayuwa kuma bola zai koma, ga shi mun ga abin da tarin irin wannan shara ya yi wa lafiyar 'yan'uwanmu a Agbogbloshie kafin hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021.

Kafin ka biya kuɗi

Shawararmu ga fatake ita ce, kada a ɗaure kaya sai an kunna. A shiga sashen saituna a duba wurin tabbatarwa, sannan a buɗe baƙin allon umarni a rubuta slmgr /dli. Na'urar da kanta za ta faɗi irin lasisin da ke kanta. In ta nuna OEM ko RETAIL, alama ce mai kyau. In ta nuna VOLUME alhali a kasuwa kake ba a ofis ba, to a tsaya a yi tambaya, domin ko dai ragowar na ma'aikata ne ko kuma kirak aka saka. In kaya suna da yawa a ɗauki samfur daga kowane kwali, kamar yadda ake soka buhun hatsi.

Na biyu, a sa mai gyara ya fara duba ko akwai lamba a binne cikin allo kafin ya taɓa komai. Akasarin kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni da aka ƙera daga 2012 zuwa yau suna ɗauke da ita. Ita kanta Windows kyauta ake sauke ta daga shafin Microsoft, lasisin ne ake biya, kuma in yana cikin allo an riga an biya. Na uku, a rubuta a jikin rasit irin lasisin da ke kan kowace na'ura tare da lambar jikinta, domin ranar da rigima ta tashi takarda ce za ta raba gardama. Na huɗu, wanda ke da lasisin da ya saya daban, ya adana lambar da shaidar biya a inda yake adana takardun fili, kuma ya cire shi daga tsohuwar na'ura kafin ya sayar da ita.

Wanda kuma ba shi da halin saye, akwai hanyar da ba sata a cikinta. Manhajar LibreOffice kyauta ce, tana buga wasiƙa da lissafi, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, tana maye gurbin Windows baki ɗaya, tana tafiya a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi, kuma lasisinta ya yarda ka kwafa ka raba wa duk wanda ka so. Cibiyar horar da fasahar sadarwa ta Kofi Annan da aka buɗe a nan Akara a 2003 ta daɗe tana ƙarfafa amfani da irin waɗannan manhajoji. Mu ma yanzu da Audacity muke tace muryoyi a gidan rediyonmu, ita ma kyauta ce, kuma har yau ba mai sauraren da ya kira ya ce ya ji bambanci.

Kira na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyara da na 'yan kasuwa a zangunanmu, su zauna su fitar da ƙa'ida guda, duk na'urar da za ta fita daga shago a gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikinta. In da kirak ce a faɗa masa, in ya so ya ɗauka da saninsa ko ya nemi a ɗora masa ta kyauta. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano ba su da rasit ba su da lauya, amana ce jarinsu, kuma ita ta sa har gobe ake ba Bahaushe kaya bashi daga Kumasi zuwa Yamai. Bai kamata ribar laftof ɗaya ta ɓata wannan suna ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.